Ubangiji yakan dubi zuciya: to mu da ba ma ganin zuciya, me za mu duba?

Wani matashi, magatakardan ikkilisiyarsu, ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba, wata mai zuwa za mu zaɓi sabon dattijo. Sunaye biyu ke yawo. Ɗaya ɗan kwangila ne, mai mota da manyan riguna, shi ya saya mana janareto. Ɗayan manomi ne, ko magana a gaban taro ba ya iyawa. Wasu sun ce tunda Allah zuciya yake dubawa, a ba manomin. Wasu sun ce ai mu ba ma ganin zuciya, sai mu bi abin da ido ya gani. Wa ke da gaskiya?"

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin ranar zaɓe, ba bayan an ɓata da juna ba. Amsata a taƙaice ita ce, duka ɓangarorin biyu riga suke kallo. Na farko sun ga tsohuwar taguwa sun ce ga tsarki, na biyu sun ga shadda sun ce ga albarka. Babu wanda ya kai ga mutumin tukuna. Talauci ma abin waje ne, kamar yadda arziki yake. Tun a Littafin Firistoci 19:15 aka ja wa alƙali kunne kada ya goyi bayan matalauci don talaucinsa, kada kuma ya ji nauyin babba don girmansa. Mutane sukan riƙe rabin ayar da ta yi musu daɗi su bar ɗaya rabin.

Mu koma inda maganar ta fito, 1 Sama'ila sura 16, domin yawancinmu aya ta 7 kaɗai muka haddace, ba mu san abin da ya kewaye ta ba.

Sama'ila ba yaro ba ne a lokacin. Tsoho ne, annabi, wanda ya ji muryar Allah tun yana ƙarami a Shilo. Kuma ya riga ya ga inda kyan tsari yake kai mutane, domin shi ya zuba wa Saul ɗan Kish mai a ka. Littafin ya ce babu wanda ya kai Saul kyau a Isra'ila, kowa iyakarsa kafaɗar Saul. Ranar da aka fito da shi gaban jama'a, Sama'ila da kansa ya ce su dubi wanda Ubangiji ya zaɓa, babu kamarsa a cikinsu. Sai ka karanta sura 15 ka ga abin da ke cikin wannan dogon mutum. Ya dawo daga yaƙin Amalekawa, ya fara da kafa wa kansa dutsen tunawa a Karmel. Da aka tuhume shi kan rashin biyayya, ya ce tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu. Da aka gaya masa an ƙwace mulki daga hannunsa, roƙon da ya yi shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'arsa. Ka gani? Mutumin da ya burge ido, shi ma don ido yake rayuwa. Abin da za a ce a kansa ya fi damunsa da abin da yake.

To, wannan Sama'ilan, da wannan ciwon a ransa, ya ɗauki ƙahon mai da karsana ya tafi Baitalami gidan Yesse. Eliyab, babban ɗa, yana shigowa, sai tsohon ya ce a ransa, lalle ga zaɓaɓɓen Ubangiji nan. Kuskuren jiya ya so ya maimaita yau. A nan ne Ubangiji ya ce masa kada ya dubi kyansa ko tsayinsa, gama yadda mutum yake gani ba haka Allah yake gani ba: mutum yakan dubi abin da ke waje, Ubangiji yakan dubi zuciya. Idan annabi irin Sama'ila ya ruɗu sau biyu, kada kwamitinku ya ɗauka shi ya fi ƙarfin ruɗuwa.

Akwai abu biyu a wannan labari da ban cika jin an yi wa'azinsu ba. Na farko, da aka kirawo Dawuda daga wurin kiwo, bayan 'ya'ya bakwai sun wuce, aya ta 12 ta ce shi ma kyakkyawa ne, mai kyawawan idanu. Ashe ba kyau ne laifin Eliyab ba, ba kuwa muni ne ya cancantar da Dawuda ba. Kyau bai shiga lissafin ba sam. Wannan ya rushe hujjar masu cewa a ba manomi don manomi ne. Na biyu, kalmar da aka fassara "zuciya" a Ibrananci ta fi faɗin yadda samarinmu suke amfani da ita a waƙar soyayya. Ita ce wurin da mutum yake tunani, yake ƙulla niyya, yake yanke shawara. Da Hausa, abin da ya fi kusa da ita shi ne hali haɗe da niyya. Ba hawaye a lokacin sujada ake nufi ba, ko rawar murya a addu'a. Ana nufin abin da mutum ya sa gaba, da wanda yake wa biyayya in ba mai kallo.

Yanzu ga maganar ɓangare na biyu, masu cewa mu ba ma ganin zuciya. Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiya ce mai nauyi. Irmiya 17:9 da 10 ta ce zuciya ta fi kome ruɗi, wa zai san ta, sai Ubangiji mai binciken ta. Manzannin da suka yi shekara uku suna ci a akushi ɗaya da Yahuza Iskariyoti ba su gane shi ba. A daren da Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi, kallon juna suka shiga yi. Da Yahuza ya tashi ya fita, wasunsu suka zaci an aike shi sayayyar idi ne, ko ya kai wa gajiyayyu wani abu, domin shi ke riƙe da jakar kuɗi. Ma'aji ne, amintacce a idonsu. Shi ya sa da suka zo cike gurbinsa, a Ayyukan Manzanni 1:24, addu'arsu ta fara da kiran Ubangiji masanin zuciyar kowa. Duk wanda ya zo muku da cewa shi yana kallon mutum sau ɗaya ya san cikinsa, ku yi hattara da shi. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma akwai gaskiya a ciki in ana maganar baƙin ciki ko murna ta yini ɗaya. Amma Bahaushen nan dai shi ya ce Musa a baki Fir'auna a zuci, shi ya ce kyan ɗan maciji. Ya san fuska tana koyon ƙarya.

Inda suka kauce shi ne da suka ce, to sai mu bi ido. Tsakanin ganin zuciya, wanda na Allah ne, da bin ido, wanda na mai gaggawa ne, akwai hanya ta uku, ita ce kuwa Yesu ya ba mu. A Yahaya 7:24 bai ce kada ku yi hukunci ba, ya ce kada ku yi shi bisa ga ganin ido, ku yi hukuncin gaskiya. A Matiyu 7 kuma ya ce da 'ya'yansu za ku san su. Kai ɗan manoma ne, ka san ba a ranar dashe ake sanin mangwaro ba. Ganye kowane itace yana da shi. Sai an jira damina ta wuce, fure ya zuba, 'ya'ya sun nuna, an sa a baki. Zuciya ɓoyayyiya ce, amma ba ta iya ɓuya har abada, tana yoyo ta baki da hannu da aljihu. Eliyab ma da aka ƙi, sura ɗaya kawai aka ƙara sai ga cikinsa a fili: ƙanensa Dawuda ya kawo musu guzuri a bakin dāga, shi kuwa ya hau shi da faɗa, yana masa gorin 'yan tumakin da ya baro a jeji, yana ce masa ya san girmankansa da muguntar zuciyarsa. Mutumin da ya tsaya kwana arba'in yana jin Goliyat, ƙaton jarumin Filistiyawa, yana zagi bai motsa ba, shi ne ya iya karanta zuciyar yaro.

Bari in ba ka labarin kaina, domin ba daga littafi kaɗai na koyi wannan ba. A farkon aikina, a wata ikkilisiyar karkara, muna tara kuɗin kwanon rufi, muna neman ma'aji. Akwai wani bawan Allah da ya dawo daga birni. Kullum Lahadi cikin farar shadda mai sitaci, Littafinsa mai jakar fata a hammata, in ya yi addu'a sai majami'a ta yi tsit. Ni na kawo sunansa, ni na kare shi. Wata tsohuwa cikin Zumuntar Mata, wadda ita ke share majami'a kowace Asabar da yamma, ta same ni a gindin darbejiya da tsintsiya a hannunta, ta ce, "Fasto, ka taɓa shiga gidansa?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka dubi matarsa in ya shigo wuri." Ba ta ƙara ko kalma ba. Na ɗauka gulmar mata ce. Lahadin da ta biyo na duba, na ga matar tana hira da 'yan'uwanta tana dariya a bakin ƙofa, mijin na ɓullowa sai dariyar ta ɗauke, ta ja yaronta jikinta, ta sunkuyar da kai. Na gani da idona, amma na riga na ba da zuciyata ga shadda da addu'a, na ce ladabi ne. Kafin damina ta biyu, kuɗin rufi sun tafi, muka yi sujada ruwa na zuba a kan kujerunmu, wasu iyalai kuma suka bar mu ba su dawo ba. Har yau in na tuna waɗannan iyalai sai raina ya ɓaci, domin ni aka ba amanar garken, kuma an faɗakar da ni.

Abin da tsohuwar nan ta gaya mini, Bulus ya riga ya rubuta wa Timoti. Ka buɗe 1 Timoti sura 3 ka karanta a gaban kwamitinku, a hankali, ba da sauri irin na ranar naɗi ba. Za ka ga kusan duk abin da aka lissafa hali ne: mijin mace ɗaya, mai kamunkai, natsattse, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, mai sauƙin hali, ba mai husuma ba, ba mai son kuɗi ba. Gwaninta ɗaya tak aka nema, iya koyarwa. Ba a ambaci dukiya ba, ba a ambaci kabila ko dangi ko takardar makaranta ba. Sannan Bulus ya nuna wurare uku da za a je a duba. Gida: in bai iya riƙe gidansa ba, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Lokaci: kada ya zama sabon tuba, masu hidima ma a fara gwada su tukuna. A sura 5 ya ƙara da cewa kada a yi gaggawar ɗora wa kowa hannu, wato naɗa shi, domin zunuban wasu a fili suke, na wasu kuwa sai daga baya suke biyo su, haka ma ayyukan kirki ba sa ɓoyuwa. Sai na uku, wanda muka fi sakaci da shi: shaidar waɗanda ke waje. Mu da muke zaune unguwa ɗaya da maƙwabta Musulmi, muke cin kasuwa ɗaya, wannan aya ta yi mana sauƙi. Mai shagon da yake ba shi bashi ya san shi. Leburan da suka yi masa aikin gini sun san ko yana biya ranar da ya ce. Maƙwabcin gonarsa ya san ko yana cin iyaka. Su ba sa jin addu'arsa ta ranar Lahadi, don haka ba ta rufe musu ido.

Game da janareto kuwa, ku gode wa Allah, ku gode wa mai saye, kada kowa ya raina kyautar. Amma kyauta ba ta faɗin zuciya, ko ta wane gefe. Ƙarshen sura 4 ta Ayyukan Manzanni, Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni. Farkon sura 5, Hananiya da Safiratu suka sayar da tasu, suka ɓoye wani sashe na kuɗin, suka kawo sauran wuri ɗaya kamar shi ke nan duka. Wanda ke zaune a benci a lokacin abu ɗaya ya gani sau biyu. Ɗaya ya zama ɗan ƙarfafa zuciya wanda ya riƙe hannun Bulus lokacin da kowa ke tsoronsa a Urushalima, sauran biyun gawarsu aka fitar. Saboda haka ɗan kwangilarku zai iya zama Barnaba. Littafi Mai Tsarki cike yake da masu arziki masu tsoron Allah: Yusufu mutumin Arimatiya wanda ya ba da kabarinsa aka binne Yesu, Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi wadda ta buɗe gidanta ga masu bi. Zalunci ne a ƙi mutum don Allah ya buɗa masa. Abin tambaya shi ne yaya yake in an ƙi shawararsa a taro. Yana tuna muku da janareton? Yana janye baikonsa in an saɓa masa? Ko kuwa yana zama ya saurari wanda bai kai shi ba?

A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi kowanne nuna ciki: yadda mutum yake karɓar tsawatarwa. Dawuda ba mala'ika ba ne. Abin da ya yi wa Uriya Bahitte, da ya ɗauke masa mata ya kuma sa aka kashe shi, ya fi abin da Saul ya yi da ganimar Amalekawa muni a idon kowane mutum. Bambancin ya fito ne ranar da annabi ya tsaya gaban kowannensu. Saul ya ce jama'a ne, ya ce don hadaya ne, ya ce a rufa masa asiri gaban dattawa. Dawuda, da Natan ya ce masa kai ne mutumin, sai ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara da "amma" ba. Ku tuna baya, a cikin shekarun da kuka yi da mutanen nan biyu, akwai ranar da aka gaya wa ɗayansu ya yi kuskure? Me ya yi? Akwai ranar da ka ji ɗayansu ya ce wa matarsa, ko ƙaramin yaro, ko lebura, "Yi haƙuri, ni ne da laifi"?

Manomin ma a auna shi da mudun nan, kada a tausaya masa a ɗaga masa ƙafa. Shiru ba kullum tawali'u ba ne. Akwai mai shiru don natsuwa, akwai mai shiru don tsoro, akwai mai shiru yana dafa ƙiyayya. Dattijon da ba zai iya buɗe baki ya gaya wa mai kuɗi ko fasto gaskiya ba, bai amfani ikkilisiya ba. Amma rashin iya magana gaban taro kaɗai ba hujjar ƙin sa ba ce. Musa ya ce harshensa mai nauyi ne. Bulus kansa, mutanen Koranti sun ce wasiƙunsa masu ƙarfi ne amma in ya zo ido da ido rarrauna ne, maganarsa ba ta da wani armashi. Iya koyarwa ba lalle sai a bagade da lasifika ba. Ku duba ko yana iya zama da saurayi a kan tabarma ya warware masa aya, ko ya shiga tsakanin miji da mata ya sulhunta su da Maganar Allah. Na san dattawa da ba su taɓa hawa bagade ba, amma rabin auren garinsu su suka riƙe shi.

Kuma ku yi hankali da mai zaƙin baki fiye da mai tsadar riga. Absalom ɗan Dawuda, an ce daga tafin ƙafa har ka ba shi da aibi, gashin da yake askewa a shekara nauyinsa shekel 200, wato ya haura kilo biyu. Amma ba da gashi ya saci zuciyar Isra'ila ba. Sammako yake yi ya tsaya a bakin ƙofar birni, duk mai ƙara ya tare shi ya ce ai maganarka gaskiya ce, sai dai ba mai sauraronka. In mutum ya zo zai rusuna masa, sai ya riƙo shi ya sumbace shi. Tawali'un ma ana iya sa shi kamar riga. In ka ga wanda bai taɓa gaida marasa lafiya ba ya fara zagaya gidaje wata ɗaya kafin zaɓe, ka tuna da ƙofar birnin nan.

Wani abu da tambayarka ba ta ambata ba amma na san yana ƙarƙashinta: yadda wannan hali yake fara tun daga bakin ƙofar majami'a. Yakubu sura 2 kamar a garinmu aka rubuta ta. Mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa ya shigo, a ce masa ga wuri mai kyau. Matalauci mai tsummoki ya shigo, a ce tsaya can, ko zauna nan ƙasa. Kalmar Helenanci da Yakubu ya yi amfani da ita, ma'anarta karɓar fuska. Ka tsaya Lahadi mai zuwa ka kalli masu tarbar baƙi. Mai ƙamshin turare, da gudu ake karɓar masa jaka a kai shi kujerar gaba mai katifa. Tsohon da ya tako da takalmin roba, ƙafa duk kaushi da ƙura, ba wanda ya ce masa ga wuri, shi ma ya riga ya san bencinsa na baya kusa da taga. Yaranmu suna kallo. Ikkilisiyar da ta yi shekara goma tana rarraba kujeru haka, ba za ta iya zaɓen dattijo da wani ido daban a rana ɗaya ba. Haka yake da kabila, da karin harshe, da tsagar fuska. 'Yan'uwanmu Hausawa Masihiyawa na ƙasar Kano da Katsina da Zariya sun sha shiga majami'a da kaftani da hula a bi su da kallon tuhuma, alhali wasunsu kakanninsu sun yi baftisma tun zamanin da aka kafa mishan a Wusasa kusa da Zariya.

Kada kuma matasanku su ɗauki ayar nan su mai da ita mafaka, a yi musu magana kan shiga ko hali su ce ai Allah zuciya yake dubawa. Wanda ya fahimci ayar tsoro take ba shi, domin mutum ana iya ruɗinsa da riga, Allah kuwa ba a iyawa. Yesu da ya kira Farisiyawa kaburbura masu farar ƙasa, bai ce a bar bayan ƙwarya da datti ba. Ya ce a fara wanke cikin, domin bayan ma ya tsabtata.

Ga abin da zan yi da ni ne a wurinka. Zan roƙi fasto da dattawa a ɗaga zaɓen, ko da wata uku ne, in tsarin ikkilisiyarku ya yarda. A karanta 1 Timoti 3 da Titus 1 a gaban jama'a duka, ba tare da ambaton sunan kowa ba. A tura dattawa biyu-biyu su ziyarci gidajen mutanen nan, su ci tuwo a can, su ga yadda yara suke in uban ya yi gyaran murya. A saurari tsofaffin Zumuntar Mata a keɓe, domin su ne suke shiga ɗakunan da fasto ba ya shiga. A tambayi abokan cinikinsu cikin mutunci, ba da niyyar tonon asiri ba. A sa ranar azumi da addu'a kafin a jefa ƙuri'a. In bayan wannan duka biyun sun cancanta, ba laifi a duba ko akwai wurin mutum biyu. In kuwa ba ko ɗaya, ku bar kujerar ba kowa ku tambaya kamar yadda Sama'ila ya tambayi Yesse ko 'ya'yan ke nan duka, domin mai yiwuwa akwai wani a cikinku da ba a ko kira sunansa ba. Ka rubuto mini bayan ziyarar gidajen, in ji abin da dattawan suka gano.